Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Manyan Kamfanonin da Ake Ɗinka wa Tufafi a Bangladesh: Wa Zai Biya Santi Goman?

Zuwa ga shugabannin sashen saye da masu lissafin farashi na manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ku muka zaɓa mu rubuta wa, muka bar gwamnatin Dhaka da ƙungiyar masu masana'antun ɗinki ta BGMEA, saboda alƙalamin da ke yanke farashin riga yana hannunku. Gwamnati tana iya buga sabon albashi a takardar doka, mai masana'anta ya manna shi a allon sanarwa, amma kuɗin da za a biya shi da su daga odarku suke fitowa. Bangladesh ce ta biyu a duniya wajen fitar da tufafi bayan ƙasar Sin, mutum wajen miliyan huɗu ne ke cin abinci a wannan sana'a, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje tufafi ne. Kusan duk wannan kaya ku ne masu sayensa.

A watan Oktoban 2023 wasu daga cikinku, irin su Adidas, Gap, Levi Strauss da Puma, sun rubuta wa Firaministar lokacin, Sheikh Hasina, suna neman a ƙara wa ma'aikata albashin da zai riƙe su. An ƙara. Ranar 7 ga Nuwamba aka sanar da taka (kuɗin Bangladesh) 12,500 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashi, daga taka 8,000 da aka tsayar a 2018. Ƙungiyoyin ƙwadago 23,000 suka nema, masu masana'antu suka fara da tayin 10,400, kuma a zanga-zangar da aka yi a lokacin a Gazipur da Ashulia, yankunan masana'antu kusa da Dhaka babban birnin ƙasar, aƙalla ma'aikata huɗu sun rasa rayukansu. Daga baya BGMEA ta rubuto muku tana roƙon ku gyara farashin kayan da za a ɗinka daga 1 ga Disamba. Kan wannan roƙon muke son mu yi magana da ku, da lissafi.

Mu fara da albashin kansa, domin jaridu sun yi ta yayata ƙarin kashi 56 cikin ɗari kamar an yi wa ma'aikata ruwan kuɗi. Taka 12,500 ɗin nan kashi biyar ne: gundarin albashi 6,700, alawus ɗin haya 3,350, na abinci 1,250, na magani 750, na mota 450. Gundarin shi ne jigo, tunda a kansa ake lissafa kuɗin aikin bayan lokaci, da kuɗin Sallah biyu, da haƙƙin sallama idan an bar aiki. Shi ya sa duk zaman da aka yi na tsayar da albashi, ja-in-jar ba ta tsaya a jimlar ba, har da yadda za a raba ta. Mai masana'anta ya fi son a kumbura alawus a tauye gundari.

Tsakanin ƙarshen 2018 da ƙarshen 2023 farashin kayan masarufi a ƙasar ya tashi da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma a watannin da ake zanga-zangar hauhawar farashin abinci kaɗai ta haura kashi 12. Wato abin da taka 8,000 ke saye a 2018 sai an ba da wajen 11,200 kafin a same shi a 2023. Ƙarin gaskiya da ya shiga tukunyar mai ɗinki bai fi taka dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba. Sauran duk cike ramin da tsada ta haƙa ne.

Ta ɓangarenku kuwa, da dala kuke saye. A ƙarshen 2018 dala ɗaya tana kusan taka 84, don haka 8,000 dala 95 ce. A Nuwamban 2023 dala ta kai wajen taka 110, sai 12,500 ta zama dala 113 da ɗoriya. Ƙarin da aka kira kashi 56, a kuɗinku bai kai kashi 20 ba, a cikin shekara biyar. Da babban bankin ƙasar ya sake sauke darajar taka zuwa 117 a watan Mayun 2024, ya ƙara raguwa. Masu lissafinku sun san haka sarai, domin duk lokacin da taka ta faɗi su ne na farko da ke kiran masana'anta su ce a rage musu farashi tunda "kun samu a canji". Abin da ba sa ambata shi ne auduga da rini da yawancin yadin saƙa da injuna duk da dala masana'antar ke shigo da su. Bangladesh ba ta noma audugar kirki. Tana cikin manyan masu sayenta a duniya, kuma kaso mai tsoka daga gonakin Benin, Burkina Faso da Mali yake zuwa. Ribar canjin a kan kuɗin ɗinki kaɗai take sauka.

Yanzu ga rigar kanta. Watan aiki a dokar ƙasar kwana 26 ne, awa takwas-takwas, awa 208 ke nan, ko minti 12,480. Ku lura da yadda lissafin ya faɗo daidai: a sabon albashi, mintin ma'aikaciyar matakin ƙasa taka ɗaya ne. A da kuwa 0.64 ne. Ƙarin ya kama 0.36 a kowane minti.

Ɗauki rigar tishat ta auduga marar ado. A misalce a ce injiniyan masana'anta ya ƙayyade mata minti bakwai a layin ɗinki: haɗa kafaɗa, ɗora wuya, sa hannuwa, rufe gefe, kalmashe ƙasa, liƙa lakabi. Layi ba ya taɓa aiki ɗari bisa ɗari. Zare yana tsinkewa, allura tana karyewa, a tsaya jiran yadi daga ɗakin yanka, a ɗauke wuta, a canza samfuri a sake jera kekuna. Idan layin yana cin rabin lokacinsa a ɗinki na gaske, minti bakwai ya zama sha huɗu da ake biya. Sai a ƙara masu shimfiɗa yadi da yanka, masu yanke zaren da ya yi saura, masu duba aibi, masu guga, masu ninkewa da sawa a leda da kwali. A yi musu kuɗin goro a ce minti talatin na ɗan Adam ne a jikin rigar nan. Talatin sau 0.36 ya ba da taka goma sha ɗaya babu kaɗan, wato santi goma na dalar Amurka. A ɗora kuɗin Sallah da hutu da na haihuwa, a ce santi goma sha biyu ko sha uku. Da an ba da 23,000 ɗin da ƙungiyoyin ƙwadago suka nema, da lissafin ya tsaya a wajen santi 33.

Rigar da za ku rataye a shago a kan dala goma, santi goma kashi ɗaya ne cikin ɗari na kuɗinta. Babu mai saye da zai ajiye riga ya fita saboda haka. To amma ita masana'antar ba dala goma take karɓa ba. A ce dala biyu kuka biya ta a bakin jirgi a tashar Chattogram. Fiye da rabin wannan na yadi ne, sai zare da lakabi da kwali. Abin da ya rage shi ne kuɗin yanka da ɗinki, kuma daga cikinsa za a biya albashi, wuta, gas, haya, ruwan banki. Santi goma a kan dala biyu kashi biyar ne cikin ɗari, kuma masana'antar da ke ɗinkin kaya masu araha sau da yawa duka ribarta ba ta wuce haka ba. A gare ku canjin aljihu ne, a gare ta ribar shekara ce. Masana'anta mai ma'aikata 2,000, ƙarin 4,500 ga kowa yana nufin taka miliyan tara duk wata, sama da dala dubu tamanin, kuma dole a biya shi cikin kwanakin aiki bakwai na farkon wata ko kun biya kuɗin kaya ko ba ku biya ba.

Akwai wata dabara a littattafanku da ke kumbura santi goman har ya zama abin tsoro a taron hukumar gudanarwa. Kuna lissafa komai da kaso. Harajin shigar da rigar auduga Amurka a 2023 kashi 16.5 ne na farashinta, wannan gaskiya ne, zai taɓa ƙarin. Amma ladan dillali da ribar shago da ake ninka farashin saye sau huɗu ko biyar, babu dalilin da zai sa su bi ƙarin albashi. Hayar shagonku ba ta ƙaru ba don an ƙara wa mai ɗinki a Gazipur. In kun ninka, santi goma ya koma hamsin, sai ku ce kasuwa ba za ta ɗauka ba. Ku wuce da shi yadda yake, santi goma da harajinsa.

Idan kuka ƙi, kuɗin ba ɓacewa yake yi ba. Mai masana'anta zai nemo shi, kuma wuri mafi kusa da hannunsa shi ne jikin ma'aikaciyar da aka ce an ƙara wa.

Abu na farko da ke motsi shi ne adadin da aka ɗora wa layi. Allon da ke rataye a bakin layi jiya yana cewa riga 180 a awa, yau an goge an rubuta 220, keke ɗaya, hannu ɗaya. Mai kula da layi yana tsaye a kai da takarda, zuwa banɗaki ya zama abin roƙo, wadda ba ta cika adadinta ba ta zauna bayan an tashi ta ƙarasa ba tare da an rubuta mata awa ba. Sai a waiwayi 'yan taimako, waɗanda ke yanke zare da miƙa kaya tsakanin kekuna. Su ne ke kan mafi ƙarancin albashi, su ne aka fi ƙara wa, don haka su ake fara sallama. A sayo keke mai yanke zare da kansa, sauran aikin a jibga wa mai ɗinki. Wannan matakin shi ne ƙofar da yarinyar ƙauye marar sana'a ke shiga masana'anta ta koyi keke. In an toshe shi ba za a ga illar a ƙididdigar wannan shekara ba, sai nan gaba. A masana'antun rigunan sanyi an riga an gani: injunan saƙa masu kwamfuta sun kori dubban masu saƙa da hannu, mutum ɗaya yana lura da injuna da yawa. Kason mata a wannan sana'a, wanda a da ake cewa ya kai kashi 80, ya sauko ƙasa da 60.

Sai aikin bayan lokaci. Ana biyansa ninki biyu na gundarin albashi: 6,700 a raba 208 a ninka biyu, taka 64 da 'yan kai a awa, maimakon 39 a da. Awa biyu kullum na kwana 26 sun kama wajen 3,350, daidai da alawus ɗin haya. Babu mai son ganin mace tana awa goma a kan keke, amma gaskiyar ita ce da wannan kuɗin gidaje da yawa suke kai ƙarshen wata. Da farashin awar ya tashi, sai masana'anta ta rage awannin da take rubutawa ta matse aikin cikin takwas. A tsohon tsari mai awa 52 na ƙari tana tafiya gida da kusan 10,050. A sabon tsari ba tare da ƙarin awa ba, 12,500. An ba ta da dama, an karɓe kusan rabi da hagu, gajiyar kuma tana nan.

Akwai kuma wasan matakai. A 2018 an ɗaga na ƙasa sosai aka bar ƙwararru da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har wadda ta shekara bakwai a kan keke ta ga sabuwar shiga ta kusa kamo ta. Abin da ya fito da ma'aikata titi ke nan a Janairun 2019. Gwamnati ta gyara matakan, masana'antu kuma suka kori dubbai. A 2023 an rage matakan daga bakwai zuwa huɗu, na sama ya tsaya a 15,035. Tazarar da ke tsakanin 'yar koyo da gwanar da ke ɗora kwala ba ta kai taka 2,600 ba. Kuma da yake masana'anta ce ke rubuta matakin kowa, ba wuya a wayi gari an mayar da gwana matakin ƙasa a takarda.

Wanda ya fi kowa saurin jin labarin ƙarin albashi shi ne mai gidan haya. A unguwannin da ke kewaye da masana'antun Gazipur, Ashulia da Narayanganj, ɗakin kwano ɗaya ne iyali ke ciki, murhu da banɗaki na tarayya, kuma sanarwar albashi ba ta kwana biyu sai haya ta motsa, mai shago ma ya bi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wannan ba laifinku ba ne kai tsaye. Laifin tsarin da aka bi ne daga 2013 zuwa 2023, na barin albashi shekara biyar yana ruɓewa sannan a yi tsalle ɗaya da kowa zai gani. Ƙarin shekara-shekara na kashi 5 a kan gundari bai taɓa kamo tsada ba, ko da yake an ɗaga shi zuwa 9 a Disamban 2024.

Mafi muni shi ne fitar da aiki ta bayan gida. Masana'antar da kuka tantance ta karɓi odar da ta san ba za ta fitar da ita a farashinku ba, sai ta loda yankakken yadi a mota da dare zuwa wani ƙaramin wuri da babu sunansa a rajistarku, inda babu mai maganar 12,500 balle ƙofar gudun gobara. Ba sai mun tuna muku masana'antar Tazreen a Nuwamban 2012 ba, inda wuta ta ci mutum fiye da 110, wasu kamfanoni suka ce ba su ma san ana ɗinka kayansu a can ba. Bayan wata biyar benen Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki ya rufta a Savar ranar 24 ga Afrilun 2013, mutum 1,134 suka mutu.

Mun san amsar da kuka saba bayarwa: in albashi ya tashi, oda za ta ƙaura, ma'aikatan su rasa aikin gaba ɗaya. Maganar ba ƙarya ce zalla ba. A Indonesiya masana'antun ɗinki da takalma sun yi ta tashi daga Bekasi da Karawang, inda mafi ƙarancin albashi ya haura rufiya (kuɗin ƙasar) miliyan biyar a wata, zuwa Java ta Tsakiya inda yake wajen miliyan biyu. Amma ku duba, ƙaura ce a cikin ƙasa ɗaya, doka ɗaya, harshe ɗaya, tazarar kuma ta fi ninki biyu. Binciken da Ann Harrison da Jason Scorse suka yi kan Indonesiyar shekarun 1990, lokacin da matsin lamba ya tilasta ƙarin albashi a masana'antun takalma da tufafi, ya nuna albashi ya tashi sosai ba tare da ayyuka sun ragu a dunƙule ba. Riba ce ta ragu, wasu ƙananan masana'antu kuma suka rufe. Kambodiya ta tashi daga dala 80 a 2013 zuwa 128 a 2015, 182 a 2019, 204 a 2024, kusan ninki biyu na Bangladesh, kuma kuna can kuna saye. Ita kanta Bangladesh ta ƙara daga 3,000 zuwa 5,300 a 2013, aka yi ta hasashen rushewa, sai fitar da kayanta ya ci gaba da hawa.

Wasunku sun gwada neman inda ya fi ko'ina araha. Habasha ta buɗe rukunin masana'antu na Hawassa a 2016, ba ta da mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, kuma wani rahoto na Jami'ar New York a 2019 ya samu ana biyan gundarin dala 26 a wata. Me ya biyo baya? Ma'aikata ba sa iya biyan ɗaki da abinci, suna shiga suna fita kamar kasuwa, a horar da yarinya wata uku ta tafi, layi ya kasa sauri. Minti mai araha da ba ya fitar da riga ya fi mai tsada tsada. Daga baya yaƙi ya zo, Amurka ta cire ƙasar daga tsarin AGOA, na shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, a Janairun 2022. Abin da ke riƙe oda ya wuce albashi: masaƙu da marina a kusa, tashar jirgin ruwa, ƙwararrun hannaye, rangwamen haraji, wuta. Masaƙun Kaduna da Kano ba tsadar ma'aikata ce ta rufe su ba. Rashin wuta, tsadar man injin da kayan fasa-ƙwauri ne suka ci su. A Bangladesh ma, a Janairun 2023 an ɗaga gas na manyan masana'antu daga taka 16 zuwa 30 kowace kubik mita, ba mu ji kun tattara kun tafi ba.

Ga abin da muke nema. A takardar farashin kowace oda ku ware layin kuɗin ƙwadago shi kaɗai: mintunan rigar, saurin layin da aka yarda da shi, kuɗin minti ɗaya. Wannan layin a cire shi daga ciniki. A yi ciniki a kan yadi, a kan kwali, a kan riba. Wasunku sun riga sun sa hannu a kan haka a yarjejeniyar ACT da ƙungiyar ƙwadago ta IndustriALL. Abin da ya rage mai sayen da ke zaune gaban mai masana'anta ya san da zancen, domin shi ladansa na ƙarshen shekara a kan rage farashi ake auna shi, ba a kan takardar da ofishin kula da ɗa'a ya sa wa hannu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ku sa sharaɗi a kwangila cewa duk ranar da doka ta canza albashi, farashin kayan da ba a ɗinka ba tukuna zai bi, har da odar da aka riga aka rattaba wa hannu. Ana tsayar da farashi watanni kafin a kunna keke, don haka odar da aka yi ciniki a Agusta aka ɗinka a Disamban 2023, asararta a wuyan masana'anta ta faɗa.

Ku gajarta lokacin biya. Mai masana'anta yana sayen yadi da takardar lamunin banki, ya biya albashi wata uku ko huɗu, ya loda kaya, sannan ya jira kwana 90 ko 120 kafin kuɗinku su iso, ruwan banki yana hawa. Kwana talatin bayan lodi ya isa. Idan ku ne kuka yi jinkirin amincewa da samfuri ko kuka canza launi a makare, kuɗin jirgin sama naku ne, kada a cire a jikin masana'anta da sunan tara. Ba a manta da 2020 ba, lokacin da aka soke ko aka dakatar da odar sama da dala biliyan uku cikin 'yan makonni, wasu kayan suna cikin kwali a tasha.

Masu binciken da kuke aikawa kuma su daina tsayawa a takardar albashi. Su nemi allon adadin layi na watanni shida kafin ƙari da shida bayansa, yawan 'yan taimako a kowane layi, jerin waɗanda aka canza wa mataki, da awannin da na'urar shiga da fita ta rubuta a gefen waɗanda aka biya. Su kwatanta yawan kekunan masana'anta da yawan kayan da ta ce ta ɗinka. In lissafin bai haɗu ba, wani wuri ake ɗinka sauran.

A ƙarshe, idan za ku sake rubuta wa gwamnatin Dhaka wasiƙa kan albashi, ku goyi bayan a riƙa duba shi duk shekara kamar yadda Kambodiya ke yi, kuma ku haɗa da shafi na biyu mai ɗauke da adadin santin da kowannenku ya ƙara a kan riga tun Disamban 2023, da yawan odar da ya yi alkawarin bari a ƙasar na shekara uku masu zuwa.

Mun gode da sauraro.

Daga wasu masu nazarin farashin ɗinki da albashin masana'antu.